Itacen Jegon Zulai

Bana shinkafa ta yi kyau, kuma ba mai so. Tun da aka fara yanka buhunan Alhaji maigidana suke jere a zaure har sun toshe taga, ɓeraye na shagalinsu a ƙarƙashi, shi kuma yana zaune a gefe da rediyo a kunne kamar mai jiran a kira sunansa. An ce an buɗe hanya, hatsin ƙasashen waje na shigowa ta ruwa da ta tudu, farashi ya faɗi warwas. Wanda ya kai buhu kasuwar Ƙanƙara sai ya dawo da abinsa, ya ƙara da kuɗin mota. Manoman masara na Sabuwa ma kukan da suke yi ke nan. Kowane zaure ka leƙa a Ruwan Godiya zancen ɗaya ne, taki ya yi tsada, amfani ya yi arha.

Ni dai wannan bai hana ni barci ba, gaskiya. Abin da ya tayar mini da hankali sarar gatari ce. Jiya da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida, zafin agazari ya sa zufa na bin bayana, sai na ji ana faskare a bayan katangar maƙwabta. 'Yarsu ta dawo goyon ciki, mijinta ya kawo itacen jego. Da jin ƙarar na san marke ne, don marke ba ya amsa gatari da sauƙi, sai an sara an sake sarawa. Na ajiye rariya na zauna a kan turmi, garin da na tankaɗe kaji suka shiga ciki ban kore su ba.

Shekarar da aka rufe boda ta dawo mini tun daga farkonta.

Zulai ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yana. Mijinta Isuhu ɗan yayana ne. Yayan nawa ya tsallaka Nijar tun ina yarinya, ya yi aure a wani ƙauye gaba kaɗan da Dan Isa, ya haihu can, ya rasu can, kuma mu ba mu taɓa ɗaukar wurin wata ƙasa ba. Suna a je, biki a je, rasuwa a je. Kowace kaka Isuhu da samarin garinsu kan gangaro yankan shinkafa a fadamarmu, su kwana a zaure, su ci tuwon hannuna, su koma da hatsi. A nan shi da Zulai suka ga juna. Ita ke kai musu abinci gona, sai na lura kwanon Isuhu ya fi na kowa nama, na yi kamar ban gani ba. Ranar da aka kai ta ɗakinta mota biyu muka cika, muna guɗa muka wuce boda, ba wanda ya tambaye mu ko takardar tsire.

Da bazarar shekarar Isuhu ya zo shi kaɗai. Ya gaishe ni kansa a ƙasa, ya sha ruwa, bai ce mini komai ba, kunya ba ta bar shi ba. Gatari kawai ya aro. Ya sayi wani busasshen marke a gonar wani tsoho, ya kayar da shi, ya yi ta faskare cikin ranar nan mai narkar da kwalta, yana ɗaukowa a ka yana jerawa a bayan ɗakina. Ban buƙaci a gaya mini ba. A wurinmu haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta, kuma miji ne ke kawo itacen da za a dafa wa mai jego ruwan wanka safe da yamma har ta yi arba'in. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa ya zo tun da wuri, kafin ruwa ya sauka itace ya jiƙe. Ya jera shi har ya kai kafaɗata, ya rufe da zana da tsohuwar leda, ya ɗora duwatsu. Da zai tafi na ga tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe. Na ce ya bari in shafa masa man kaɗe, ya yi dariya ya ɓoye hannun a aljihu.

Daga ranar na shiga nawa shirin. Na sayi citta da kanumfari da masoro da kimba, na daka yajin jego na ɗure a gwangwani. Na ware geron kunu da kanwa. Na sa aka yanka mini duro biyu aka ƙone fentinsa don dafa ruwa. Na sake daɓen ɗakina, na toshe inda yake yoyo. Inna Kulu, wata dattijuwa 'yar Ketare da aure ya kawo unguwarmu, ita ce ungozomarmu, ita ta yanke wa Zulai cibi, ta ce ita ma za ta yanke wa ɗanta in Allah ya kai mu. Mun yi da Isuhu cewa in ciki ya shiga wata bakwai zai rako ta.

Ruwa ya sauka da ƙarfi a shekarar. Fadama ta cika har ta shanye hanya, kwaɗi ba su bar kowa ya ji kiran salla sosai ba, bangon bayan gida ya zube muka tare da kara. Shinkafa ta yi baƙi ƙirin don kyau. Ana tsakiyar wannan aka faɗa a rediyo cewa an rufe boda, ba shiga ba fita, saboda shinkafar waje da ake shigowa da ita tana kashe manoman gida. Daidai lokacin da Zulai ya kamata ta taho ke nan. Kowa ya ce abin na 'yan kwanaki ne, a ɗan dakata. Aka dakata.

Kafin a ce haka, shinkafar waje ta ɓace daga shaguna, wadda ta rage sai mai hali. Masu injin casa daga birane suka fara yawo ƙauye ƙauye suna neman shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, tun tana tsaye a gona. Alhaji, wanda shekara da shekaru yake roƙon dillalai su taya masa, ga shi yau dillalai na durƙusa masa a zaure. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Tafiyarsa ma ta canza. Duk sanda aka yi zancen boda a rediyo sai ya ɗaga hannu ya ce Allah ya sa kada a buɗe, yara da baƙi su ce amin. Rannan ina ajiye masa tuwo ya yi addu'ar, na ce masa ya manta Zulai na can?

Ya ce, "Ke kam. Rufe boda don buhu anka yi shi, ba don mutum ba. Wa zai hana ɗiya zuwa gidan ubanta?"

Maganar ta kwanta mini. Na ce amin na ɗauki faifaina na koma ciki.

Da shinkafa ta nuna sai aka rasa masu yanka. Samarin Nijar ba su zo ba, waɗanda suka gwada an kama wasu a hanya an yi musu dukan tsiya an mayar da su. Dole mata muka shiga fadama da lauje. Ruwa iya gwiwa, rana a ka, matsattsaku na maƙale mana a ƙafa sai an ɗiga musu gishiri. Ƙaiƙayin shinkafa ya bi mana wuya da ƙarƙashin hammata, in zufa ta taɓa wurin kamar an zuba barkono. Da yamma mu dawo ƙafafu sun yi fari sun tsattsage, mu hau aikin gida.

Sai Alhaji ya gano cewa turararriyar shinkafa ta fi shanshera kuɗi nesa ba kusa ba. Tsakar gidana ta koma masana'anta. Aka kafa murhu uku, aka ɗora duro uku. A jiƙa yau, gobe a turara, a kwashe da zafinta a shanya a kan tabarmi da ledoji har ƙofar gida, a bi ana juyawa da ƙafa ana korar kaji da awaki. Matan unguwa ya ɗauka aiki, Inna Kulu ce babbarsu. Tururi ya dafa mana fuska, hayaƙi ya sa idanunmu suka yi ja kamar gauta, warin jiƙaƙƙiyar shanshera ya kama tufafinmu har a masallaci ana gane 'yan gidanmu. Abin dariya, ko abin kuka, mu masu dafa ta ba ma cin ta. Alhaji ya ce kowace ƙwaya kuɗi ce. Tsakin da ya faɗo daga inji shi muke tuƙawa, da miyar kuka da ba mai, don mai ma ya yi tsada. Na sha kwana da yunwa a gidan da ba wurin taka ƙafa saboda shinkafa.

Itace ya zama abin nema. Kowane gida turare ake yi, daji kuwa ba ya shiguwa saboda masu bindiga, wanda ya yi nisa neman itace sai a ji ana neman kuɗin fansarsa. Muka ƙone kara, muka ƙone totuwar masara, muka ƙone kashin shanu, har tsohon turmina da ya tsage. Sai na lura in Alhaji ya shigo yakan ɗan tsaya a bayan ɗakina yana kallon zanar nan. Wata rana ya ɗaga gefenta da sandarsa, ya ce marke irin wannan yana riƙe wuta, guda uku sun isa duro.

Na ce, "Alhaji, itacen ga ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Isuhu ya faskara ma matarshi."

Ya ce ai aro ne, in ta zo a sayo wani. Na ce a ina za a sayo, shi da yake ƙona turmi? Ya kalle ni ya fita. Daga ranar na mayar da wurin shanyata kusa da itacen, ko salla a nan nake yi. Matan aiki suna tsokanata wai na yi sabon miji, marke.

Ita kuwa Zulai kullum muna waya. Ciki ya tsufa, boda ba ta buɗe ba. Uwar mijinta ta riga ta rasu, gidan daga ita sai Isuhu sai ƙannensa maza. Ta ce ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kanta na sarawa. Na gaya wa Inna Kulu, ta ce ba ta son kumburin nan, a kawo yarinya kusa. Alhaji ma da aka gaya masa sai ya ce abin kunya ne a ce 'yarsa ta yi haihuwar fari a gidan miji kamar marar gata, mutane za su ce arziki ya sa ya manta da al'ada. Amma abin da ya tsaya mini shi ne ranar da ta rage murya ta ce, "Inna, tsoro nike ji. Ina son in haihu kusa da ke."

Isuhu ya nemo hanya. Duk da rufewar, akwai samari masu babura da ke bi ta daji da buhunan shinkafar waje, su ratsa gonaki su sauke a cikin ƙasa. Ya yi magana da ɗaya daga cikinsu ya ɗauko ta a bayan kayansa, ya sauke ta inda za ta sami mota. Shi ba zai iya rako ta ba, namiji ɗan can in an kama shi ya shiga uku. Ita kuwa mace ce, da tsohon ciki, haifaffiyar Ruwan Godiya, za ta gidan ubanta. Duk muka ga ba abin da zai same ta. A tunaninmu na mutanen ƙauye, wanda ya san sunan ubansa da na mai unguwarsu ai ya gama shaida.

Ranar da za ta iso na saci shinkafar Alhaji mudu guda na dafa mata da wake, na share ɗaki, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Na yi ta leƙa ƙofa har rana ta faɗi. Wayarta ba ta shiga. Washegari da hantsi wayar Alhaji ta yi ƙara yana tsakar gida yana duba shanya, baƙuwar lamba. Ya ɗauka, na ji muryarta, na fizge wayar daga hannunsa, abin da ban taɓa yi ba.

Tana magana numfashinta na yankewa. Ta ce sun riga sun tsallako, suna cikin gonakin gero, sai motar ma'aikatan boda ta ɓullo. Mai babur ya ga nauyi ba zai bar shi ya tsere ba, ya tsaya ya ce ta sauka. Ta riƙe rigarsa tana roƙonsa, ya ɓamɓare hannunta ya ce, "Ke kina da ƙafa, buhu ba shi da." Ya ja babur ya bar ta a tsaye. Ma'aikatan suka ɗauke ta suka kai wata rumfar kwano kusa da boda inda suka tara waɗanda suka kama. Sun tambaye ta katin ɗan ƙasa, ba ta da shi, don an yi mata aure kafin a zo yi a garinmu. Katin awon cikinta na asibitin can ne, layin wayarta na can ne, kuɗin da ta ƙulle a zane sefa ne. Ta faɗa musu sunan ubanta da garinsu da mai unguwa, suka yi dariya suka ce duk wanda ke rumfar nan yana da uba a Najeriya. Wata mai sayar da abinci a wurin ce ta ji tausayinta ta ara mata waya.

Sai wani namiji cikin ma'aikatan ya karɓi wayar, Hausarsa ba ta nuna sosai ba. Ya ce in 'yarmu ce ubanta ya zo da katinsa gobe kafin azahar ya tafi da ita. In bai zo ba, mota za ta kwashe su duka ta mayar inda suka fito. Ya kashe.

Na juya ga Alhaji, ina tsammanin zan ga yana neman takalmi. Yana tsaye yana murza shinkafa a tafin hannu. Ya ce gobe da safe masu babbar mota za su zo ɗaukar kaya, kuma in ba shi a wurin awo za su cuce shi. Jibi zai tafi. Na ce mutumin ya ce gobe kafin azahar. Ya ce yaushe ma'aikaci ya taɓa cika lokaci, in sun ce gobe, jibi suke nufi. Na durƙusa a gabansa, a gaban matan aiki, na kama ƙafarsa. Na ce ya bar wa ƙaninsa awon. Ya ce ƙanin nasa shi ne babban ɓarawon.

"Ko sun maida ta," in ji shi, "gidan mijinta za su maida ta, ba daji ba. Kwana ɗaya ba shi kashe mutum. Sakam mani ƙafa."

Na tsani mutumin nan a wannan lokacin, kuma ba zan ɓoye ba. Uban 'ya'yana ne, na zauna da shi tun ina da ƙuruciya, amma da ƙasa ta tsage ta haɗiye shi da buhunansa a ranar da ban zubar da hawaye ba.

Inna Kulu ce ta ɗaga ni. Ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ɗauko katin zaɓena, ita za ta raka ni. Da asuba muka fita ban nemi izinin kowa ba. Muka hau babur zuwa titi, muka sami mota zuwa Ƙanƙara, daga nan muka canza wata, muka sake canza wata. Ba nisan ne ya cinye mu ba, shingaye ne. Ba ka tafiya mai tsawo sai an tare, a sauke fasinja, a caka wa kaya ƙarfe ana neman shinkafar waje, direba ya zagaya bayan mota su gaisa da ma'aikaci, a ce a tafi. Ina kallon inuwa tana gajarcewa a gefen titi ina karanta duk abin da na iya. Wani fasinja ya ce in yi haƙuri, na ce masa ya riƙe haƙurinsa.

Ana sallame azahar muka isa. Rumfar ba kowa, sai ledojin ruwa da takalmi wari guda na wani yaro. Kwanon rufin na ƙara don zafi. Mai abincin ta gane ni tun kafin in yi magana, ta ce kamarmu ɗaya. Ta shiga bayan tukwanenta ta ɗauko ƙunshin kayan Zulai, 'yan rigunan jariri da zane biyu, ta ce ba a bar ta ta ɗauka ba. Ta ce naƙuda ta kama ta tun da safe, faya ta fashe a nan ƙasan rumfar, ta nuna mini wurin, har lokacin da sauran danshi. Matan da ke ciki sun yi ta roƙo a kai ta asibiti. Babban ma'aikatan ya leƙo ya gani, ya ce a yi maza a loda su tun ba ta haihu musu a nan ta ja musu aiki ba. Ko azahar ɗin ba su jira ba. A buɗaɗɗiyar mota aka ɗora su, a tsaye, mata biyu na riƙe da ita.

Na ruga wurin shingen da katina a hannu. Na ce ga shi, ni 'yar ƙasa ce, 'yata ce aka tafi da ita, a bar ni in bi ta. Ma'aikacin ya duba katin gaba da baya ya miƙo mini. Ya ce katin ya nuna ni ta nan ce, don haka in zauna nan, boda a rufe take shiga da fita. Ina tsaye ina roƙonsa babura biyu suka fito ta bayan ginin, kowanne da buhu uku, suka rage gudu, wani ya miƙa hannu, suka wuce. Bai ko juya ya dube su ba.

Muka zauna a kan wani dutse muna fuskantar arewa. Mai abinci ta kawo mana shinkafa da miya, shinkafar waje fara tas, ban iya taɓa ta ba. Da la'asar wayarta ta yi ƙara ta miƙo mini. Isuhu ne, a wurin Alhaji ya samo lambar. Ya ce motar ta zubar da su a gindin wata bishiya da zarar ta tsallaka. A nan Zulai ta haihu, a ƙasa, mata sun kare ta da zannuwansu. Mace ce, tana da rai. Amma jini ya ƙi tsayawa. Kafin labari ya kai masa ya samo amalanke, kafin su kai asibiti, ta cika. Ya ce tana ta tambaya ko na iso.

Kafin magariba aka rufe ta. Mai abincin ta nuna mini wasu itatuwa can gaba ta ce maƙabartar na bayansu. Nisan bai fi daga gidanmu zuwa fadama ba. Ban wanke ta ba, ban ga fuskarta ba, ban ɗauki jikata ba. Ina zaune a kan dutse da rigunan jariri a cinya aka binne 'yata, Inna Kulu na riƙe da kafaɗata.

Washegari da yamma muka dawo Ruwan Godiya. Tun daga bakin layinmu na ji ƙanshin hayaƙin, kuma na gane shi. Hayaƙin marke daban yake da na kara, ba ya yaji a ido, yana da nauyi. A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, maza sun cika ana gaisuwa, Alhaji a tsakiya da carbi. Na wuce su na shiga. Duro uku suna tafasa. Bayan ɗakina ba komai sai zana a yashe da duwatsun da Isuhu ya ɗora, da ƙasa mai danshi inda itacen ya zauna, gara na ta watsewa.

Matan aiki suka kasa haɗa ido da ni. Ɗaya ta ce masu motar sun ce za su dawo ɗaukar wani lodin, shi ne tun jiya da safe, ina fita, Alhaji ya sa aka yaye zanar. Wato lokacin da Zulai ke durƙushe a ƙasan rumfar kwano, ana hura itacen wankanta a ƙarƙashin shinkafa. Da labarin rasuwar ya zo kuma ba a kashe wutar ba, don an riga an jiƙa wata, kuma jiƙaƙƙiyar shinkafa ba ta jiran makoki, tsami take yi.

Ya shigo bayan magariba ya tsaya a ƙofar ɗakina. Ya ce in yi haƙuri, kwananta ne ya ƙare, ko ya je ba zai ƙara mata ko numfashi ɗaya ba. Na ce itacen fa? Ya ce ai da niyyar in ta zo ya sayo wani. Shinkafar da aka turara da itacen ta yi kyau ƙwarai, ta fito fes ba karyayya, masu motar har yabawa suka yi. A ribarta ya sayi babur.

Da aka buɗe boda Isuhu ya kawo mini yarinyar sau ɗaya. An mayar mata da sunan uwarta, ana ce mata Ummi. Na miƙa hannu ta ƙanƙame ubanta tana kuka, ba ta san ni ba. Shi kuma ya zagaya bayan ɗakina ya tsaya ya dubi wurin da itacen ya zauna, ya juya. Bai kwana ba. Tun daga lokacin bai sake zuwa yankan shinkafa ba, samarin garinsu ma sun daina sauka a zaurenmu.

Yanzu shinkafa muke ci safe da rana da dare, tunda ba mai saye. Jiya da yamma na tuƙa tuwonta na kai wa Alhaji zaure. Yana tare da abokansa manoma, an jingina da buhuna, rediyo na faɗin yadda farashi ya ƙara sauka. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari, babur ɗin ma an sayar an sayi taki. Ina durƙusawa in ajiye kwano ya ɗaga hannu sama ya ce Allah ya kawo wanda zai sake rufe bodar nan, talaka ya sha iska. Zauren ya ɗauka da amin. Ya lura bakina bai motsa ba.

Ya ce, "Ke ba ki ji addu'a ba?"

Na ce, "Na ji, Alhaji. Ni na faɗi nawa amin ɗin wancan karon."

Na buɗe masa kwanon na ɗauki faifaina. Da na shigo tsakar gida surukin maƙwabta bai gama faskaren ba tukuna.